Gurbin Insom a Gindin Tsamiya

Huai Makham, lardin Phrae
24 ga Agusta, 1994

Zuwa ga ƙanena Insom, a Songkhla can kudu,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da ɗanka Narong da matarsa, kuma sanyin masana'antar ƙanƙarar da kake gadi bai gama cinye maka gwiwoyi ba. Ni dai ina nan, ido ɗaya na aiki ɗaya na hutu, kamar yadda suka raba aikin tsakaninsu tun bara.

Ruwa ya yi mana ɓarna bana. Kogi ya haura gada, ya tafi da turken wayar tarho na bakin kasuwa, kwana tara mota ba ta shigo gari ba. Shinkafar kwari ta nutse, ta tudu ta tsira.

Mako uku ke nan da na aika maka doguwar wasiƙa, ba amsa. Na san halinka: in ka yi shiru, ko dai ka yarda ne, ko kana tara magana. To, ga abin da ya biyo baya. Ambaliyar ba ta kai maƙabartar coci ba. Ƙasar kabarin ta kwanta sosai, mun dasa furanni a kai, yana nan kwance a gurbinka, gefen matarka Saengkham, a gindin tsamiya. Ya sha wuya a kwanakinsa na ƙarshe, har fuskarsa ba a iya ganewa, amma a hannunmu ya cika, ba shi kaɗai ba. Dattawan ikkilisiya suna gaishe ka, suna kuma jiran jin ta bakinka. Ni ma haka.

'Yar wan mahaifinka,
Buaphan

Songkhla
2 ga Satumba, 1994

Yaya Buaphan,

Na gaishe ki. Muna lafiya, ko in ce lafiya muke har ranar da wasiƙarki ta iso.

Wace doguwar wasiƙa? Ban ga komai daga wurinki ba tun bikin Ista. Wa ya mutu? Kin ba ni labarin turken waya da shinkafar kwari, kin faɗa mini har da furanni, sunan mamacin ne kaɗai ya gagare ki rubutawa!

Na zauna a bakin ƙofar masana'anta na yi ta lissafin danginmu. Gurbin nan shekara tara ke nan ana riƙe mini shi, tun ranar da muka rufe Saengkham. Ba wanda ikkilisiya za ta sa a ciki sai wanda muka fito ciki ɗaya. Ashe wana Duangkaew ne ya tafi? Dama an ce mini tari ya matsa masa. Yaya, da na gane haka, na manta ma ina bakin aiki. Motar kifi ta yi ta danna ƙaho in buɗe mata ƙofa, ban ji ba, sai da direban ya sauko ya girgiza ni.

Shekara shida ba ma magana da shi, kuma kin san a kan me: zakara. Zakaran da ya ce nawa ne ya tone masa gadon tafarnuwa. Zakaran an cinye shi tuni, ga shi gabar ta fi shi tsawon rai. Na sayi baƙar riga, na roƙi faston nan Songkhla ya ambaci sunansa ranar Lahadi, ya kuma ambata. Na je kiran waya sau huɗu, layinku a mace.

Gurbin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma in Duangkaew ne, ya kwanta. Ki faɗa mini ko ya ambace ni kafin ya cika.

Ƙanenki,
Insom

Huai Makham
13 ga Satumba, 1994

Ƙanena Insom,

Gaisuwa. Muna lafiya, kuma a cikin masu lafiyar har da wanka Duangkaew. Ka cire baƙar rigar. Jiya na same shi a gindin rumbunsa yana dangwala shinkafa mai danƙo a cikin dakakken barkono, na karanta masa wasiƙarka. Ya yi dariya har tarin ya taso. Ya ce, “An yi mini addu'ar mutuwa a Songkhla? To ki ce masa na gode, ya ajiye rigar, zai buƙace ta.” Daga nan ya sa na sake karanta masa wurin da ka ce ya kwanta. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya tashi ya ce zai duba kaji.

Ashe ruwa ya ci wasiƙata ta farko. To ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Sunan mamacin Bunlue. Ba ka san shi ba. Direban babbar mota ne, ɗan ƙauyen da ke hayin kogi, shekararsa talatin da ɗaya. Ba Kirista ba ne, mabiyin Buda ne kamar iyayensa. Cutar ƙanjamau ce ta kashe shi.

Shekara biyar ba ka zo gida ba, ba ka san yadda cutar nan take ɗebe mana samari ba. Wanda ya kamu, ko kwanonsa ba a taɓawa. Tun bara ikkilisiya ta share tsohon ɗakin makarantar Lahadi, muka sa gadaje huɗu, mu mata muna karɓa-karɓa wajen yi musu wanka da ba su kunu. Ba ma tambayar kowa addininsa a bakin ƙofa. A nan Bunlue ya yi wata biyu. Da ya cika, tsohuwarsa ta je wurin masu ƙona gawa na ƙauyensu, suka ce ba za su taɓa ba, wai hayaƙin zai watsa cutar a gonaki. Malamin haikalinsu na Buda ya yi musu magana, suka ƙi ji. Ga zafin Agusta, ga gawa kwana biyu. Na kira masana'antarku, aka ce ranar hutunka ce. Gawa kuwa ba ta jiran ranar aiki.

Ka san maƙabartarmu: katanga ta nan, rafi ta can. Filin hayin rafi da muke nema, takardunsa ba su fito ba. Gurbi ɗaya ne ya rage.

Ka kuma san mu 'yan cocin Presbiteriya, fasto ba ya yanke magana shi kaɗai. Sabuwar fastonmu, Wilai, yarinya ce da ba ta kai Narong ba, ta tara mu dattawa bakwai da hantsi, ta ce, “Iyayena, ni tawa shugabantar zama ce. Hannuwan naku ne.”

Duangkaew ne ya fara tashi. Ya bugi benci ya ce, “Wannan gurbin na ƙanena ne! Ba ma shiri, amma nawa ne, ba wanda zai kwanta masa a wuri yana can yana gadin ƙanƙara.”

Wani dattijo ya ce masa, “To mu kai gawar gidanka, ka ajiye ta har takardun fili su fito?”

Duangkaew ya ce, “Ka kai ta naka, ya fi iska.”

Aka ɗaga hannu: uku sun yarda, uku sun ƙi. Ni ce magatakarda, ina rubutu, nawa hannun ne ya rage. Na ajiye alƙalami na ɗaga shi. Kada ka nemi wanda za ka zarga a wani wuri, ga ni nan.

Abu na ƙarshe, gara ka ji daga gare ni. Malamin haikalin ya nemi izinin zuwa ya yi wa ɗansu addu'a irin tasu a bakin kabari, muka yarda. Ya yi tasa, Fasto ta yi tamu.

Yayarka,
Buaphan

Songkhla
21 ga Satumba, 1994

Yaya Buaphan,

Ina gaisuwa, don haka aka koya mana. Lafiyata kuwa ki tambayi likitan da ya gwada jinina jiya ya ce ya hau.

Sau uku na karanta, ina cewa ko idona ne. Baƙo! Namiji! Kuka ɗauki ƙato ɗan shekara talatin da ɗaya kuka shimfiɗe shi gefen matata! Matar da shekara talatin da huɗu ko a motar kasuwa ba ta yarda ta zauna kusa da wani namiji. Ba a yi masa baftisma ba, bai taɓa rera waƙa ɗaya a cocinmu ba, kuma kin san ta hanyar da direbobi suke kwaso wannan cuta. Sannan malami mai rawayar riga ya tsaya a kan Saengkham yana karatunsa, ku kuna tsaye kun naɗe hannu! Wannan coci ce ko tashar mota?

Ni na ɗauki bulo a kaina lokacin da aka gina katangar nan. Shekara ashirin ina dattijo a ikkilisiyar nan. A bakin kabarinta na ce mata, “Ki matsa mini kaɗan, ina tafe.” Kina wurin, kin ji. Duk daren da sanyin nan ya shiga ƙashina, abin da nake tunawa ke nan in samu ƙarfi: ina da wurin zuwa. Yanzu ina za ni? Hayin rafi, in riƙa hango ta kamar mai jiran kwalekwale?

Kuma tun da hannunki yana da saurin tashi haka, me ya hana ki ba da naki gurbin, na gefen mijinki? Kyauta da kayan wani ba ta da wuya.

Ga buƙatata, ki rubuta ta da kyau tun da ke ce magatakarda: ranar da takardun fili suka fito, a tone shi a mayar da shi hayi.

Ki ce wa Duangkaew na ji abin da ya yi. Maganar zakara ta wuce.

Insom

Huai Makham
3 ga Oktoba, 1994

Ƙanena Insom,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ka rage gishiri da kifin nan nasu na kudu.

Ka tambayi gurbina. Na ba da shi tun watan Afrilu. Wata yarinya ce a ciki, 'yar shekara ashirin da biyu, wadda ta dawo daga Bangkok ba nama a jikinta. Mijina bai aiko da ƙorafi ba tukuna. Ni ma hayin rafi za ni, sai mu riƙa jiran kwalekwalen tare.

Na karanta buƙatarka a zaman dattawa kamar yadda ka rubuta ta, ban rage ko “tashar mota” ba. Ba wanda ya ɗaga hannu, har Duangkaew. Ya ce, “Na tsaya masa a kan rami, amma ba zan tsaya masa a kan tono ba.” Mu ba ma tone wanda muka rufe.

Yanzu bari in ba ka labarin da ka sani, don na ga ka manta shi. Wa aka dasa wa tsamiyar nan? Kakarmu Kham-oei. Me ya kawo ta Huai Makham? Ƙauyensu ne suka ce mayya ce, ta ci yara uku. Suka yaye mata rufin ɗaki, suka fasa tukwanenta, suka raka ta da jifa har bakin daji, ubana a hannunta, naka a bayanta. Ƙauye huɗu suka kore ta. Dattawan wannan cocin ne suka buɗe mata ƙofa, alhali ba ta san ko sunan Yesu ba. Mutane suka daina sayen shinkafar 'yan coci saboda ita, dattawan ba su fasa ba. Kai kana ƙarami da ta rasu, ni ina da wayo. Ba ta taɓa yarda an yi mata baftisma ba, Insom. Tana cewa ta tsufa da canza hanya. Duk da haka aka rufe ta a tsakiyar maƙabarta, kuma dattawan lokacin suka rubuta a shafin farko na littafin da ke hannuna yanzu cewa duk wanda ya cika a hannun ikkilisiyar nan, ƙasarta ƙasarsa ce. Kai ma ka sa hannu a ƙarƙashin wannan shafi ranar da aka naɗa ka. Na duba, sa hannunka na nan, karkatacce kamar kullum.

Batun yadda ya kwaso cutar, ban tambaye shi ba. Ina yi masa wanka ne, ba shari'a ba.

Ban ce ba a cuce ka ba. An cuce ka, kuma da hannuna. Na kwana biyu ban iya cin abinci ba bayan zaman nan. Amma da za a sake tara mu, zan sake ɗagawa.

Yayarka,
Buaphan

Songkhla
9 ga Disamba, 1994

Yaya Buaphan,

Gaisuwa da fatan alheri. Jinin ya sauka. Matar Narong tana da ciki wata huɗu. Na yi wata biyu ban rubuto ba, kuma kin faɗi gaskiya tun farko: magana nake tarawa.

Makon jiya wasiƙarki ta farko ta iso, wata huɗu a hanya, ta kumbura kamar ta sha kogin gaba ɗaya. Rabinta ya wanke. Amma shafi na uku ya tsira, kuma a ciki akwai abin da ba ki sake faɗa mini ba, ko don kina fushi da ni ne. Kin ce bayan an rufe shi, tsohuwarsa ta tambaye ki sunan matar da ke gefe. Ta durƙusa ta dafa kabarin ta ce, “Baba Saengkham, ga ɗana nan. Ba shi da kowa a nan sai ke. Ba ya son zama shi kaɗai, ki riƙa yi masa magana.”

Yaya, na ajiye takardar na rasa inda zan sa fuskata. Kin san Saengkham. Ita ce take dafa shinkafar mutum bakwai a gidan mutum uku, wai ko wani zai biyo hanya. Ni ne mai mita, ita ce mai zubawa. Da an tambaye ta, da ta ce a kawo shi, sannan ta tambaya ko ya ci abinci. Na janye maganar tono. Ki soke ta a littafi.

Amma alkawarina yana nan. Na ce mata ina tafe, kuma ba hayin rafi na ce ba.

A watan jiya kakar matar Narong ta rasu. Su mabiya Buda ne, na raka su wurin ƙonawa. Washegari aka tara abin da ya rage a cikin ɗan tulu wanda bai kai kan jariri ba. Na tsaya ina kallonsa, na ce a raina: wannan ai ba ya buƙatar gurbi. Kamu ɗaya ya ishe shi.

Ga sabuwar buƙatata ga zaman dattawa. In na mutu a ƙone ni, a sa tokata a tulu, a haƙa kamu ɗaya a kan kabarin Saengkham a sa ni. Yaron ya riƙe gefen. Ni zan shiga ciki.

Ƙanenki,
Insom

Huai Makham
20 ga Disamba, 1994

Insom,

Gaisuwar Kirsimeti gare ku duka, Allah ya sauki matar Narong lafiya. Ni lafiyata ƙalau sai da na buɗe wasiƙarka.

A ƙone ka? Kai, ɗan dattijo, jikan Kham-oei? Na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune a kan turmi. Tun da aka kafa cocin nan ba a taɓa kai ɗanta wuta ba. Ubana yana cewa da wannan ake gane mu a lardin nan: su suna hura wuta, mu muna haƙa rami, muna jiran ranar tashi. Na buɗe wa kowa ƙofa, na wanke wanda uwarsa ma take tsoron taɓawa, amma ban taɓa zaton zan ga an jera itace a ƙarƙashin ɗan'uwana ba.

Duk da haka aikina ne, na kai ta zaman ranar Lahadi bayan sujada. Na karanta, sannan na nemi izinin magana, na yi ta yi har shayin Fasto ya huce. Na ce, “Ranar tashin matattu me za a tayar? Hayaƙi?”

Fasto Wilai ta ce, “Baba, wanda ya gina Adamu da ƙura, toka ce za ta gagare shi?”

Na ce, “Ke yarinya, ina koyar da labarin Adamu tun uwarki ba ta yi haƙori ba.”

Ta ce, “Shi ya sa na san kin san amsar.”

Duangkaew ya ce, “Ku bar shi. Dama busasshe ne tun yana yaro, ba zai ci itace da yawa ba.” Aka yi dariya, ban da ni. Sai wannan dattijon da ya so kai gawa gidan Duangkaew ya juyo ya ce, “Yaya Buaphan, mun ba malamin Buda wurin tsayawa a maƙabartarmu da hannunki. Namu ne za mu hana kamu ɗaya?”

Aka ɗaga hannu. Shida da ɗaya. Ɗayar ni ce.

Ka san ƙa'ida: wanda aka kayar yana da ikon a rubuta rashin yardarsa, sannan ya bi abin da aka yanke. Na rubuta hukuncin da hannuna, na rubuta ƙin yardata a ƙarƙashinsa, na sa hannu a duka biyun. Yanzu na ɗanɗana abin da na ba ka a watan Agusta. Ba daɗi. Har yau in na wuce masu gasa kaza a bakin kasuwa sai in kau da kai.

To an yarda maka. Za ka shiga wurin matarka.

Jiya na je tsohon gidanku, na ɗauko tulun nan mai ruwan ƙasa da Saengkham take jiƙa shinkafa a ciki, mai ɗan tsagu a baki. Na wanke shi, na kife a kan kabad ɗina. Tsohuwar Bunlue, wadda take zuwa duk Asabar ta share kaburburan biyu, ta ce ita za ta saƙa masa murfi. Ban yarda da abin da za a yi da shi ba, amma ba zan bari a zuba ka a gwangwanin kifi na kudu ba.

Ka zo gida Sabuwar Shekara. Duangkaew ya ware zakara, ya ce na gadon tafarnuwa ne ya dawo ya biya ɓarnarsa a tukunya. Ka zo ka ga tulun da idonka. Ƙarami ne, Insom, don haka kada ka ce za ka yi ƙiba. Kuma kada ka yi gaggawar shigarsa. Saengkham tana da baƙo, ba ta rasa abokin hira ba.

Yayarka,
Buaphan